Wa 'yan Afganistan suka fi ƙi lokacin yaƙi, baƙon soja ko Taliban?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gardama ce ta kaure tsakanina da baffana jiya bayan isha'i a ƙofar gida, har mai shayi ya kwashe kayansa ba mu gama ba. Shi ya tsaya kai da fata cewa mutanen Afganistan Taliban suke so tun asali, Amurka ce kawai ta danne su. Hujjarsa ita ce, ranar 6 ga Agusta 2021 Taliban suka kama Zaranj, babban birnin lardi na farko da ya faɗa hannunsu, ranar 15 ga watan kuma suna zaune a fadar shugaban ƙasa a Kabul. Ya ce ƙasar da mutanenta ba sa son ka ba ta faɗo maka haka kamar nunannen mangwaro. Na ce masa to waɗanda suka maƙale a jikin jirgin sojan Amurka har suka faɗo daga sama fa? Ya ce 'yan birni ne da suka ci kuɗin Turawa, ba su kai cikin cokali ba.

Ni ban taɓa zama da ɗan Afganistan ba, abin da na sani daga rediyo ne. Don Allah waɗanda suka zauna da su, ko suka karanta abin a tsanake, ku faɗa mana. Talakan ƙasar ya ya ɗauki Amurka, ya ya ɗauki Taliban, ya ya ɗauki maƙwabtansa?

AbuHanifa_Zariya:
Wa alaikumus salam. Baffanka ya fi ka gaskiya. Da ɗan gari akan ci gari. Shekara 20 suna fafatawa da ƙasashe sama da 40 masu jiragen yaƙi, su kuwa daga bindiga sai babur. Wa yake ba su abinci? Wa yake ɓoye su in an biyo sawu? Mutanen ƙauye ne.

Malama_Hadiza:
Malam AbuHanifa, ciyar da mai bindiga daban, son sa daban. Ni 'yar Zamfara ce. Mutanen ƙauyen kakannina sun sha haɗa kuɗi su kai daji kafin a bar su su yi girbi. An dafa tuwo an kai, an sayo mai an kai. Duk wanda ya ga wannan daga nesa ya ce suna goyon bayan 'yan bindiga, wallahi ya ɗauki alhakinsu. Ban ce Taliban da ɓarayin daji ɗaya ne ba, kada a juya mini magana. Cewa na yi kwanon abinci ba ya zama shaida.

Injiniya_Sani:
Dan_Fagge, na yi karatu a Islamabad, kuma shekara biyu na yi a ɗaki ɗaya da 'yan Afganistan. Abu na farko da zan ce, wannan kalmar ta "mutanen Afganistan" ita ce ke ruɗa mu. A benenmu kaɗai akwai Bafashtune daga wani ƙauye a lardin Kandahar, akwai Batajike daga Panjshir, akwai ɗan ƙabilar Hazara. Tukunyar shinkafa ɗaya suke ci, koren shayi ɗaya suke sha, amma in aka taɓo siyasa sai ka ce ba ƙasa ɗaya ta haife su ba. Na Panjshir hoton Ahmad Shah Mas'ud, kwamandan yankinsu da ya yaƙi Taliban, ne a fuskar wayarsa, Taliban kuwa ko sunansu ba ya son ji. Ɗan Hazara shiru yake yi ya tashi ya fita.

Na Kandahar shi ne abokina na kusa. Wani dare muna zaune wuta ta ɗauke, ya ba ni labarin abin da ya faru a gidansu yana ɗan shekara 14. Wajen ƙarfe biyu na dare suka ji ƙarar jirage masu saukar ungulu, kafin su farga an fasa ƙofar gida da nakiya. Sojojin ƙetare ne da tafinta. Aka ɗaure hannun maza da igiyar roba, aka rufe musu kai da buhu, aka fito da mahaifiyarsa da yayyensa mata tsakar gida cikin sanyi ba mayafi, kare yana shinshina kayansu. Aka tafi da mahaifinsa, bayan wata huɗu aka sako shi, ba tuhuma ba ban haƙuri. Daga baya suka gane wani da suke rikicin gona da shi ne ya kai sunansa a matsayin ɗan Taliban. Ya ce mini: "Sani, tsarewar ba ta yi wa babana ciwo kamar fito da matansa waje ba. Har ya rasu bai ƙara zama a majalisar dattawa ba."

Ina jin haka na ce to ashe ku 'yan Taliban ne. Ya girgiza kai. Ya ce kawunsa malamin firamare ne, wata safiya aka tsinci takarda manne a ƙofar masallaci, irin wadda suke kira shabnama, wato wasiƙar dare, an ba shi kwana uku ya bar aikin gwamnati. Ya bari. Wani malamin da ya ƙi bari, gawarsa aka tsinta a bakin rafi. Ya ce a garinsu rana ta gwamnati ce, dare na Taliban, kuma kowa fuska biyu gare shi don ya kwana da rai.

Abu ɗaya da na ga su ukun sun haɗu a kai shi ne Pakistan. A cikin ƙasar suke zaune, suna cin arzikinta, amma sai sun rufe ƙofa sun rage murya sannan su ce duk masifarsu daga nan take. Suna cewa shugabannin Taliban a Kwetta ta Pakistan suke zaune hankali kwance, kowa ya sani. Tushen abin ya daɗe. Iyakar Durand da Turawan Ingila suka shata a 1893 ta raba Fashtun gida biyu, kuma a 1947 Afganistan ce kaɗai ta jefa ƙuri'ar ƙin shigar Pakistan Majalisar Ɗinkin Duniya.

Bashir_Lissafi:
Bari in kawo alƙaluma, tunda an yi ta jin ra'ayin jama'a a lokacin. Binciken da kafar labarai ta ABC ta Amurka ta ɗauki nauyi ya nuna a 2005 kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna kallon Amurka da idon alheri. Zuwa farkon 2009, a binciken da ta yi tare da BBC da ARD ta Jamus, ya sauko 47. Ita kuma Asia Foundation, a 2009 ta samu kashi 56 suna da ɗan tausayin ƙungiyoyin da ke yaƙar gwamnati, amma a 2019 masu tausayin Taliban kashi 13 ne kacal, kashi 85 suka ce ko kaɗan. Wato farin jinin Amurka ya zube, na Taliban ma ya zube. Wannan bai yi daidai da maganar baffan Dan_Fagge ba.

AbuHanifa_Zariya:
Malam Bashir, wa ya biya kuɗin binciken? Asia Foundation da kuɗin hukumar agajin Amurka take yin sa a lokacin. Sannan ka tsaya ka yi tunani: kana ƙauye, baƙo ya sauko daga mota da takarda da biro, ya ce kana son Taliban? Me za ka ce masa? Gundumomin da Taliban ke riƙe da su ma masu tambayar ba sa iya shiga.

Bashir_Lissafi:
Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Amma tsoron ta kowane ɓangare yake. Wanda ke ƙarƙashin Taliban ma ba zai ce ba ya son su ba.

Dr_Rabi:
Wannan matsalar da kuke ja a kai, wasu malaman jami'a sun nemi hanyar kauce mata. Jason Lyall da abokan aikinsa biyu sun buga bincike a 2013, daga ƙauyuka 204 a larduna biyar da Fashtun suka fi yawa. Ba su tambayi kowa "wa kake so" ba. Sai su kawo wata shawara, misali gyaran gidajen yari, su ce me ka gani. Wasu a gaya musu Taliban na goyon bayan shawarar, wasu a ce rundunar ƙasashen waje ce ke goyon baya, wasu ba a ambaci kowa ba. Daga bambancin amsoshin sai a gane sunan wa ke jawo mutum, sunan wa ke kore shi, ba tare da an sa kowa a haɗari ba.

Abin da suka samu ya daɗe yana damuna. In sojojin ƙetare suka cuci mutum, yana juya musu baya kuma ya karkata wajen Taliban. In Taliban suka cuce shi, ɗan sanyi kawai yake yi da su, amma ba ya komawa wajen baƙi. Laifi iri ɗaya, hukunci daban. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, baƙo kuwa kuskurensa ɗaya ya ishe shi. Don haka AbuHanifa yana da rabin gaskiya, sai dai a lura binciken na yankin Fashtun ne, ba Bamiyan ko Panjshir ba.

Nura_Agadez:
Kuma ba kuskure ɗaya ba ne, Dakta. Yulin 2002 jirgin Amurka ya buɗe wuta kan taron biki a Uruzgan, mutum sama da 40 suka mutu. Agustan 2008 a Azizabad, lardin Herat, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fararen hula kusan 90, yawancinsu yara. Fabrairun 2012 aka ƙona Alƙur'anai a sansanin Bagram, ƙasar ta ɗauki wuta. Wata guda bayan haka wani sojan Amurka, Robert Bales, ya fita da dare ya bi gidaje a Panjwai ya kashe mutum 16. Oktoban 2015 aka yi ta ruwan wuta kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz, mutum 42, wasu a kan gadon jinya suka ƙone. Hatta harin ƙarshe da suka kai da jirgi marar matuƙi kafin su fice, 29 ga Agusta 2021 a Kabul, iyali guda ya hallaka, mutum 10, bakwai yara ne. Mu da muka zauna da sansaninsu a gefen garin Agadez har suka tashi a 2024, mun san yadda ake ji in abu yana shawagi a sama ba ka san me yake kallo ba.

Maman_Ilham:
Nura, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, Allah ya jiƙansu. Amma lissafin bai cika ba. Ina zaune a Hamburg, garin da 'yan Afganistan suke da yawa sosai. Maƙwabciyata 'yar Hazara ce, 'ya'yanmu makaranta ɗaya. Tana yarinya a Mazar-i-Sharif lokacin da Taliban suka kama garin a Agustan 1998 suka bi gida gida suna neman mazan Hazara. Ta ce mahaifiyarta ta ɓoye yayanta a cikin tanderun gasa burodi, ta ɗora faranti a kai ta zauna kusa tana tankaɗe gari, hannunta na rawa. Ya tsira, kawunansu biyu ba su tsira ba. Ranar da Kabul ta faɗi na shiga wurinta na same ta zaune a ƙasan kicin da waya a hannu, ba ta ko iya kuka. A wurinta shekarun da sojojin ƙetare suke nan su ne kaɗai lokacin da 'yan uwanta suka shiga jami'a suka samu aikin gwamnati. Kuma ku tuna da harin da aka kai asibitin haihuwa na Dasht-e-Barchi, unguwar Hazara a Kabul, a Mayun 2020, da wanda aka kai wa 'yan matan makarantar Sayed al-Shuhada a Mayun 2021.

AbuHanifa_Zariya:
Hajiya, a yi adalci. Waɗannan biyun Taliban sun musanta, kuma harin asibitin, Amurka da kanta a kan Da'ish ta ɗora laifinsa. Taliban da Da'ish yaƙar juna suke yi tun 2015.

Maman_Ilham:
Haka ne Malam, ban ce su ne ba, na kawo su ne don a ga abin da Hazara ke ciki. Amma motar ɗaukar marasa lafiya da aka cika da bam a tsakiyar Kabul a Janairun 2018, mutum sama da 100, Taliban da bakinsu suka ce su ne. Maƙwabciyata takan ce ita ba ta da lokacin tantance tutar wanda ya zo kashe ta.

Baba_Mai_Rediyo:
Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Ni na bi wannan labari tun Disambar 1979 da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga, kunnena a jikin rediyo safe da yamma. A lokacin duk wanda ka sani a nan yana yi wa mujahidai addu'a, kuma Amurka da Saudiyya da Pakistan su ne masu ba su makamai. Rashawa suka fita a Fabrairun 1989, sun bar gawa kusan miliyan ɗaya, mutum sama da miliyan 5 sun yi hijira Pakistan da Iran. Muka yi murna. Abin da ya biyo baya shi ne ba mu so mu ji ba. Daga 1992 waɗannan mujahidan suka juya kan juna, rokokin Hekmatyar, ɗaya daga cikin shugabanninsu, suka rushe Kabul, birnin da yaƙin Rashawa bai rusa ba. Kowane kwamanda ya ɗaure sarƙa a hanya yana karɓar kuɗi, ana sace yara. Shi ya sa da ɗaliban Mulla Umar, wato Taliban, suka taso a Kandahar a 1994 mutane da yawa suka yi marhabin da su. Ba aƙida ce ta fara jawo su ba, hanya ce ta buɗe.

To a 2001 da Amurka ta zo, da wa ta haɗa kai? Da waɗancan kwamandojin da aka kora. Ta dawo da su ta ba su gwamna da kwamishinan 'yan sanda. Mutumin Kandahar ya buɗe ido ya ga wanda ya ɗaure masa sarƙa jiya shi ne hukuma yau.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu. Oktoban 2001 ina Kano aka yi zanga-zangar ƙin harin Amurka bayan Juma'a, ta rikiɗe ta zama rikici, aka rasa rayukan mutanen da ba su san inda Kabul take ba. Shekara biyu bayan nan wasu samari suka kafa sansani a Kanamma ta Yobe, ana ce musu Taliban, sansanin kuma Afganistan. Kun san inda wannan hanya ta kai mu. Mun so yaƙin mutane daga nesa, ba mu taɓa tambayar su ya suke ji ba.

Malama_Hadiza:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan sakin layi na ƙarshe ya taɓa ni.

Ustaz_Kabiru:
Allah ya saka da alheri Baba. Ƙari kaɗan: hatta Larabawan da suka je taya su jihadi ba kowa ya so su ba. Yawancin mutanen ƙasar Hanafawa ne, suna kafa tutoci a kan kaburburan shahidansu, wasu daga cikin baƙin suka riƙa tuge tutocin suna cewa shirka ce, har aka yi ta samun faɗa. Kuma Larabawa biyu ne da suka zo da sunan 'yan jarida suka kashe Mas'ud ranar 9 ga Satumba 2001.

Salafi_Gombe:
To Ustaz ai gaskiya suka faɗa, kafa tuta a kabari ba shi da asali.

Admin_Jamilu:
Malamai don Allah, mas'alar kabari a buɗe mata nata zauren. Nan tambayar Dan_Fagge muke kai.

Alhaji_Deira:
Ni ɗan kasuwa ne, shekara 11 ina sayen barguna da darduma a hannun 'yan Afganistan a Dubai. Abin da Injiniya ya faɗa kan Pakistan haka yake. Ranar da ƙasashen biyu suka buga kurket a Sharja a 2022 har kujeru aka yi ta jifa da su. Amma ka ambaci Indiya ka ga fuska ta saki. Su ce Indiya ta gina musu madatsar ruwa ta Salma a Herat, ta gina majalisar dokoki, can suke kai marasa lafiyarsu Delhi. Na taɓa ce wa wani dattijo cikinsu, Haji, ya kuke son masu bautar gumaka kuna ƙin 'yan uwanku Musulmi? Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ba su taɓa aiko mana da ɗan ƙunar baƙin wake ba." Ban sake tayar da maganar ba. Iran kuma, waɗanda suka yi leburanci a can ba sa faɗin alheri, sun ce ana wulaƙanta su, kuma an kwashi samarinsu an kai yaƙin Siriya.

Bashir_Lissafi:
Alhaji, Indiya ma ba don Allah ta yi ba, don ta matse Pakistan ta baya ne.

Alhaji_Deira:
Sun sani sarai. Cewa suke yi kowa da buƙatarsa ya zo, amma wani ya bar madatsa, wani ya bar maƙabarta.

Dr_Rabi:
Maganar Alhaji ta tuna mini da Tetsu Nakamura, likita ɗan Japan. Ya fara da duba marasa lafiya, sai ya lura yawancin cututtukan daga rashin ruwa ne da yunwa, ya ajiye abin awo ya koyi haƙa magudanar ruwa. Ya jawo ruwa daga kogin Kunar zuwa busassun filayen Nangarhar, hamada ta koma gonakin alkama, dubban iyalai suka dawo gida. Suna kiran sa Kaka Murad, wato Baffa Murad. Da 'yan bindiga suka harbe shi a Jalalabad a Disambar 2019, an yi zaman makoki a garuruwa, aka zana hotonsa a bango, shugaba Ashraf Ghani da kansa ya ɗauki akwatin gawarsa, Taliban ma suka yi sauri suka ce ba su ba ne. Ba Musulmi ba ne, baƙo ne. Duk mai cewa mutanen nan ƙin baƙo ne a jininsu, ya bayyana mini wannan.

Soja_Mai_Ritaya:
Ina ta karantawa, bari in koma kan kwana taran da baffan Dan_Fagge ya kafa hujja da su, don nan ne fagena. Na yi Laberiya na yi Saliyo. Soja ba ya ajiye bindiga don yana son abokin gaba, yana ajiyewa ne in ya tabbata an sayar da shi. Ranar 29 ga Fabrairu 2020 Amurka ta sa hannu da Taliban a Doha, gwamnatin Kabul ba ta a teburin. Aka tilasta mata sakin fursunoni 5,000. Aka janye 'yan kwangilar da ke gyara musu jirage. Farkon Yulin 2021 Amurkawa suka bar Bagram cikin dare. Ga manyan hafsoshi suna cin albashin sojojin da babu su sai a takarda. Kai kana wani shinge a kan dutse, ba albashi, ba harsashi, ba jirgin da zai ɗauke ka in ka ji rauni, sai dattawan gari su zo su ce Taliban sun ce ka miƙa makami ka tafi gida lafiya. Me za ka yi?

Kuma kada a ce ba su yi yaƙi ba. Ghani ya faɗa a farkon 2019 cewa jami'an tsaro 45,000 aka kashe tun hawansa a 2014. Amurka a shekara 20 sojojinta kusan 2,400 ta rasa. Waɗannan dubban 'yan Afganistan ne su ma, iyaye ne suka haife su, kuma Taliban suke yaƙa.

Abu ɗaya da na koya a bakin daga: duk ƙauyen da muka shiga yara suna ɗaga mana hannu, tsofaffi suna kawo ruwa. Na san in muka juya baya 'yan tawaye suka shigo, ruwan nan dai za a kawo musu. Ban taɓa jin haushinsu ba, domin mu za mu tafi, su za su kwana a wurin.

AbuHanifa_Zariya:
Ranka ya daɗe, na ji kuma na girmama. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo maganar shari'a. Mutane suna barin kotun gwamnati su tafi wurin alƙalin Taliban, saboda a can rikicin gona kwana biyu ne an yanke, ba cin hanci, kuma hukuncin yana zama. A kotun gwamnati sai ka sayar da rabin gonar kafin a saurare ka. Wannan ba tsoro ba ne, zaɓi ne.

Injiniya_Sani:
Wannan kam gaskiya ne, abokina ma ya faɗa mini haka. Rikicin gonar da ya jawo musu waccan masifa a wurin alƙalin Taliban aka ƙare shi. Sai dai ya ce sun je ne kamar yadda kake zuwa wurin mai ɗori in ƙafarka ta karye, ba wai ka ba shi 'yarka ba.

Malama_Hadiza:
Ina so a lura, tun ɗazu ra'ayin maza muke aunawa. Matar ƙauye a Sangin ta Helmand, wadda ta binne 'ya'ya saboda bama-bamai ta sama da nakiyoyi ta ƙasa, in ka tambaye ta za ta ce ko wa zai yi mulki ya yi, a dai daina harbi, kuma ba ta da laifi. Ita dama ba makaranta a ƙauyenta, ba abin da aka ƙwace mata. Yarinyar Herat ko Kabul kuwa, tun 2021 an rufe mata makaranta daga aji bakwai zuwa sama, Disambar 2022 aka rufe mata jami'a. A matsayina na malamar makaranta wannan yana hana ni barci. Dukansu biyu 'yan Afganistan ne, wace za mu ce ita ce muryar ƙasar?

Kuma akwai abin da ba a ambata ba. Yunin 2018 aka tsagaita wuta kwana uku don ƙaramar Salla. Mayaƙan Taliban suka shigo birane, suna rungumar sojoji, ana ɗaukar hoto tare, mutane na kuka. A wannan watan ne wasu mutanen Helmand suka iso Kabul a ƙafa, tafiyar kusan kilomita 700 cikin azumi, suna roƙon kowane ɓangare ya daina. Sun yi zaman dirshan a ƙofar ofisoshin jakadancin Amurka da Rasha da Pakistan da sauransu. Ni a wurina su ne suka fi kusa da amsar tambayar nan.

Nura_Agadez:
Kuma bayan an tafi ma ba a bar su ba. Kuɗin babban bankinsu kusan dala biliyan 7 Amurka ta riƙe, ana cikin fari da yunwa. Wanda ma ba ya son Taliban wannan ya ƙona masa rai.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Na karanta wa baffa amsoshin da yamma. Na Soja_Mai_Ritaya ya sa shi shiru, na Baba_Mai_Rediyo kuma ya ce shi ma yana cikin waccan zanga-zangar ta 2001, abin da ban taɓa sani ba. Amma bai sauka ba. Ya ce a tambayi masu cewa ba a son Taliban, me ya sa yau shekaru ke nan ba a tashi an kore su ba, alhali mutanen nan sun kori Ingila sun kori Rasha sun kori Amurka?

Soja_Mai_Ritaya:
Ka gaya masa duk waɗancan korar akwai wata ƙasa a baya mai ba da makami da wurin fakewa, in ban da ta zamanin Ingila. Yau ba mai bayarwa. Kuma mutumin da aka haifa a 1979 bai taɓa ganin shekara guda ta cikakken zaman lafiya ba sai da ya haura 40.

AbuHanifa_Zariya:
Ko kuma dai sun gamsu. Ba dole sai gajiya ce ba.

Injiniya_Sani:
Saboda wannan zaren na nemi abokin nawa jiya, mun daɗe ba mu gaisa ba. Ya koma Kandahar, yana aikin sanya sola. Na karanta masa tambayar baffa. Ya turo saƙon murya mai tsawo. Ya ce yanzu yana tuƙi daga Kandahar zuwa Kabul da dare ba ya fargabar nakiya ko shinge, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, kuma yana gode wa Allah a kan haka kullum. Sai ya yi shiru, na ɗauka saƙon ya yanke. Ya ce babbar 'yarsa ta gama aji shida bara, ita ce ta ɗaya a ajinsu, yanzu tana gida tana koya wa ƙannenta lissafi da tsofaffin littattafanta. Ya so ya kai ta Kwetta wurin dangi, amma tun Nuwamban 2023 Pakistan ke korar 'yan Afganistan, dangin ma an koro su. Na ce to ya kake ganin Taliban yanzu? Ya ce wannan ba maganar waya ba ce, ya tambaye ni lafiyar yarana.

Maman_Ilham:
Injiniya, ka tambaye shi ko akwai intanet mai ƙarfi a gidan. Maƙwabciyata tana cikin wasu mata da ke koyar da 'yan mata lissafi da Turanci ta waya sau uku a mako, ba a biyan ko sisi. In ya amince ka yi mini magana ta akwatin sirri, sai in haɗa su.

Injiniya_Sani:
To Hajiya, na tura masa. Can dare ya yi yanzu, sai da safe in sha Allah.